Kafin allura ta taɓa wuya

Ɗana, ranar da ka zo gaishe ni bayan dawowarka daga ƙasar Sin, ka buɗe ɗan akwatin nan ka nuna mini alluran da ka zo da su, na ga murna a fuskarka, ni ma na taya ka. Sirara ne kamar gashin wutsiyar doki, kowace a rufe cikin ledarta. Ka ce abin da ya fi ɗaukar hankalinka a can shi ne yadda suke tsira su ga mutanen da ɓarin jikinsu ya shanye har haɗiya ta gagare su, kuma da wannan kake so ka fara. Akwai baƙi a zaure, shi ya sa ban ja maganar ba. Amma ta kwana mini a rai, sai na ga gara in rubuto maka ka karanta a tsanake, in ka ga da amfani ka miƙa wa abokan karatunka.

Ka san aikina kunne ne da hanci da maƙogwaro, shekara talatin da ɗoriya. Na buɗe wuyan mutum a ɗakin tiyata sau da yawan da ba zan iya ƙirgawa ba, kuma har na ajiye aiki ban daina jin nauyinsa ba duk lokacin da na ɗora wuƙa a kansa. A cinya kana iya shiga da zurfin yatsa guda ba ka gamu da komai ba sai tsoka. Wuya kuwa kamar lungun tsohon gari yake, hanyar iska da hanyar abinci da manyan jijiyoyin jini da jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ƙwaƙwalwa duk sun matsu a wurin da tafin hannu biyu zai zagaye.

Bari mu fara da lomar tuwo, domin wanda bai san yadda lafiyayye yake haɗiya ba, ba zai gane abin da ya lalace ga maras lafiya ba. Haƙora su tauna, yawu ya jiƙa, harshe ya dunƙule lomar ya danna ta da ganɗa ya tura ta baya. Daga nan lamarin ya fita daga hannunka. Taushin ganɗa na baya, inda beli yake rataye, ya ɗaga ya toshe hanyar hanci. Tsokokin ƙarƙashin haɓa su jawo wani ɗan ƙashi mai siffar kofaton doki da ke gindin harshe, su yi sama da gaba da shi, maƙogwaro ya biyo shi. Igiyoyin murya su haɗe, wani ɗan murfi mai kama da ganye ya kifu a kan hanyar iska, numfashi ya tsaya cak, bakin bututun abinci ya buɗe, loma ta wuce. Wannan kashi na biyu ba ya kai daƙiƙa guda. Ɗora yatsanka a kan maƙogwaronka yanzu ka haɗiyi yawu, za ka ji shi ya yi sama ya dawo. Tsokoki sama da ashirin a kowane ɓari ne suka yi wannan aikin, jijiyoyi biyar daga cikin goma sha biyu da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa ne suka kai musu umarni, wato ta 5 da ta 7 da ta 9 da ta 10 da ta 12, kuma cibiyar da ke jera su bi da bi tana can gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da laka. Ka riƙe wannan wurin a ranka, za mu dawo kansa.

Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, wannan jerin yakan wargaje. Kusan rabin waɗanda suka kamu da shanyewar ɓarin jiki suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko. Wani nazari da aka buga a 2005, wanda ya tattara binciken da aka yi a wurare daban-daban, ya nuna adadin yana kamawa daga kashi 37 zuwa kashi 78 cikin ɗari, gwargwadon irin gwajin da aka yi. Ya kuma nuna mai matsalar haɗiya ya ninka waninsa sau uku a haɗarin kamuwa da ciwon huhu, wanda kuwa aka tabbatar abinci na zarcewa hanyar iskarsa, sau goma sha ɗaya.

Akwai wani dattijo, tela, da ba na mantawa da shi. An kawo shi asibitin da nake aiki hannun dama da ƙafar dama sun mutu, baki ya karkace. Matarsa na zaune a gefen gado da kwanon sha da ludayi, tana ɗura masa ruwa kaɗan-kaɗan yana kwance rigingine, tana yi masa sannu. Bai yi tari ba ko sau ɗaya. Na wuce ta wurin, na gani, na ce a raina ai tunda ba ya ƙwarewa, ruwan na wucewa lafiya. Da na tsaya na sa shi ya ce "aa", da na ji muryarsa a jiƙe, tana gurgura kamar ana zuba ruwa daga buta. Ban tsaya ba. A kwana na uku zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama, hoton ƙirji ya nuna gindin huhun dama ya yi fari. Bai cika mako ba Allah Ya karɓi abinsa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani, amma sakacin nawa ne, kuma daga ranar na san cewa akwai masu ƙwarewa a ɓoye, waɗanda ciwon ya kashe musu jin maƙogwaro har ruwa ya shiga huhu ba su motsa ba.

Na kawo maka labarin nan ne don ka san irin mutumin da za ka tsaya a kansa da allura. Ba mai ciwon baya ba ne da ya tako da ƙafarsa. Sau da yawa tsoho ne, ya rame, ba ya iya gaya maka inda yake jin zafi, wani ma kansa na rawa ba ya tsayuwa wuri ɗaya.

Ba na raina ilimin da ka koyo. Sinawa sun fi shekara dubu biyu suna rubuta shi, tun littafin Huangdi Neijing. Likitocinsu sun shigo da shi Afirka tun tawagar farko da ta sauka Aljeriya a 1963, daga baya wasu suka yi aiki a Sudan da Kamaru da Nijar, har mutanenmu da dama sun san "allurar Sinawa" a jikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horo da kiyaye lafiya a wannan fanni a 1999, sannan a 2008 ta fitar da daidaitaccen wurin gurabe 361. Salon da ka ce an koya maka na masu shanyewar jiki, wanda malami Shi Xuemin ya assasa a birnin Tianjin a farkon shekarun 1970, ya shahara ƙwarai a asibitocin ƙasar. To amma taswirar gurabe fata take nuna maka. Abin da ke ƙarƙashin fatar, sai ka nemo shi a littafin sassan jiki da kuma yatsanka.

Ɗauki gurbin Lianquan, wanda kusan duk mai maganin haɗiya yake farawa da shi. Yana tsakiyar wuya ta gaba, a ɗan kwarmin da ke saman ƙashin nan mai siffar kofato. Ana nufar gindin harshe da allurar, ta ratsa tsokokin da na ce su ne ke jawo maƙogwaro sama. Wannan ya sa ni kaina nake ganin hikima a zaɓen wurin. A tsakiyar layin babu babbar jijiya. Amma ka karkata kaɗan zuwa gefe, jijiyoyin jinin harshe na nan. Ƙasan baki wuri ne mai taushi, jini in ya samu hanya sai ya taru a ciki, ya ɗaga harshe ya tura shi baya, ya toshe numfashi. Na taɓa ganin haka daga wani rauni ɗan ƙarami, ba na allura ba, har sai da muka huda maƙogwaro da tsakar dare kafin mutumin ya samu iska. Yanzu ka tuna cewa yawancin waɗanda jijiyarsu ta toshe an ɗora su a kan asfirin, wasu a kan wafarin ko danginsa masu tsinka jini. Kafin ka buɗe ledar allura, ka ce a zazzage maka jakar magungunansa a kan tabarma ka duba ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsaya ga tambayar "yana shan magani?", domin za a ce maka na hawan jini ne kawai. Kuma kada ka taɓa ce wa mutum ya dakatar da maganin tsinka jini don ka samu damar yi masa allura. Wannan maganin shi ke tsare shi daga shanyewa ta biyu.

Haka zancen yake ga gurabe biyu na ƙarƙashin harshe, Jinjin da Yuye, inda ake huda jijiyoyin nan masu launin shuɗi a fitar da jini. Mu da muka taso muka ga wanzamai na yin ƙaho da tsaga da cire beli, fitar da jini ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma dangin maras lafiya za su karɓe shi hannu bibbiyu. Ni kuwa na karɓi yara da yawa da aka cire wa beli jini ya ƙi tsayawa. Ka yi tunanin jini na kwarara a bakin mutumin da yawunsa ma ya gagare shi haɗiya. Ina zai tafi in ba huhu ba?

Sai gurbin Renying, a gefen maƙogwaro, daidai inda kake jin bugun jini in ka ɗora yatsa. Bugun da kake ji babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce, a gefenta ga jannaye, a tsakaninsu ta baya ga jijiya ta 10 mai riƙe da linzamin zuciya. A daidai wannan tsayin babbar jijiyar jinin take rabuwa biyu, kuma a marabar akwai wani ɗan kumburi da Allah Ya sa yana auna ƙarfin jini. In aka danne shi, sai ya aika wa zuciya cewa jini ya hau, zuciya ta rage gudu, mutum ya sume. A tsofaffi abin ya fi sauƙin faruwa. Sannan a wannan marabar ce kitse ya fi son daskarewa a jikin jijiya, wataƙila ma daga nan ɓarɓashin da ya toshe masa ƙwaƙwalwa ya ɓalle. Littafi zai ce ka ture jijiyar gefe da yatsa sannan ka soka. A wuyan saurayi lafiyayye wannan magana ce. A wuyan dattijon da ya riga ya shanye, turewar kanta abin tsoro ce. Shawarata ka bar wannan gurbin gaba ɗaya, har sai ka shekara da shekaru a ƙarƙashin wanda ya fi ka.

Yanzu juya shi ka dubi ƙeya. Nan ne na ce za mu dawo. Fengchi yana cikin kwarmin nan biyu da ke gindin ƙoƙon kai, tsakanin tsokar da ta sauko daga bayan kunne da wadda ta hau daga kafaɗa. Fengfu da Yamen kuma suna tsakiyar ƙeya. A bayan waɗannan tsokoki wata jijiyar jini tana lanƙwasa a kan ƙashin wuya na farko kafin ta shige ƙoƙon kai, kuma ita ce ke shayar da gindin ƙwaƙwalwa. Gaba kaɗan da ita sai babbar ƙofar da laka ke fita, ga cibiyar numfashi da ta bugun zuciya da ta haɗiyar da kake son gyarawa, duk a wuri ɗaya da bai fi babban yatsa kauri ba. Shi ya sa littattafan koyarwa suke cewa a Fengchi a nufi tsinin hanci, a Fengfu da Yamen a nufi haɓa, kada a kuskura a yi sama. Na san a salon Tianjin ana nufar maƙogwaro daga Fengchi da zurfin da ya fi na kullum. Waɗanda ke yin haka sun yi shi dubbai a gaban malamansu kafin a sakar musu hannu. Wata uku ko shida na kwas ba su kai mutum nan ba, komai kaifin basirarsa, kuma faɗin haka ba ragi ba ne a gare ka.

Ka kuma lura da ma'aunin nan nasu na tsun. Faɗin babban yatsan maras lafiya ne, ba naka ba. Ko shi ma bai isa ya zama madogara ba, domin wanda ya yi wata guda ba ya cin abinci naman ƙeyarsa ya zube, yatsansa kuwa yana nan yadda yake. Zurfin da ya tsaya a tsoka a wuyan ƙato, a wuyansa ya wuce ta.

Gurbin Tiantu da ke ramin wuya a saman ƙashin ƙirji, bututun iska na bayansa kai tsaye, manyan jijiyoyin da suka fito daga zuciya na ƙasa da shi. A gefe kuma, ƙololuwar huhu takan leƙo sama da ƙashin da ya haɗa ƙirji da kafaɗa da kamar santimita 2 zuwa 3, abin da mutane da yawa ba su sani ba. In aka huda ta, iska ta taru a ƙirji huhun ya motse. Wanda ka yi wa allura a gindin wuya ko kan kafaɗa, ya fara haki ko ya dafe ƙirji, ko da bayan awa biyu ne, a kai shi hoto a take.

Za ka ce mini an yi bincike an ga allurar ba ta da haɗari. Gaskiya ne, kuma na karanta. A Jamus an bi diddigin mutum 229,230, an buga sakamakon a 2009. Kusan kashi 9 cikin ɗari sun samu wata 'yar matsala, mafi yawa ɗigon jini ko taruwarsa a ƙarƙashin fata, mutum biyu kacal aka huda wa huhu. Wannan adadi ne mai kwantar da hankali. Sai dai akasarinsu masu ciwon baya ne da gwiwa da ciwon kai, likitoci masu horo ne suka yi musu. A ɗaya gefen, wani nazari da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2010 ya tattara rahotannin da Sinawa da kansu suka rubuta cikin harshensu, ya samu matsaloli 479, mutum 14 daga ciki sun rasu. Hudar huhu da zubar jini a kewayen ƙwaƙwalwa suna sahun gaba. Waɗanda suka gaji abin kaka da kakanni ke nan, kuma na girmama su da suka rubuta kurakuransu don na baya su koya.

To tana magani kuwa? Nan nake so ka riƙe gaskiya ko da za ta rage maka kasuwa. Ƙungiyar Cochrane, mai tace bincike-binciken likitanci, ta duba wannan tambayar a 2008, ta samu gwaji ɗaya tak na mutum 66 da ya cika sharaɗinta, ta ce hujja ba ta isa a yanke hukunci ba. A 2018 ta sake duba dukkan hanyoyin gyaran haɗiya, gwaji 41, mutum 2,660. An ga alamar cewa allurar na iya rage yawan masu fama da matsalar, amma ingancin binciken bai kai a dogara da shi sosai ba, kuma hanyoyin gaba ɗaya ba su nuna sun rage mutuwa ko naƙasa ba. Akwai kuma abin da ke ruɗin mai magani: mutane da yawa haɗiyarsu na dawowa da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. In ka fara allura ranar Litinin, ya sha kunu ranar Juma'a, dangi za su ce hannunka ne, kai ma zuciyarka za ta so ta yarda. Ka gode wa Allah, amma kada ka gina alkawari a kai ga na gaba. Mutanen nan wasu sun sayar da akuya, wasu sun jinginar da gona kafin su iso gare ka. Ka ce musu ƙari ne da ake fatan ya taimaka, ka faɗi abin da zai iya biyo baya, ka nemi yardar maras lafiyan da kansa ko da da ƙyafta ido ne.

Abin da na tabbata yana ceton rai kuwa ba shi da tsada. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki yanzu-yanzu, asibiti za a nufa da shi ba tare da ɓata lokaci ba, domin allurar narkar da gudan jini tana da wa'adin awa huɗu da rabi, kuma sai hoton ƙwaƙwalwa ya bambance toshewa da fashewa. Kada a ba shi komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa. Na san wannan yana da wuya a gidajenmu, inda ƙauna take zuwa a cikin kofi: wannan ta kawo kunu, wancan ya kawo zamzam, kawu ya aiko da rubutu. Kada ka yi musu tsawa, kada ka raina abin da suka yi imani da shi. Ka ce a shafa masa a fuska da jiki tukuna, shan ya jira. Idan lokacin gwaji ya yi, a zaunar da shi sosai, a ba shi cokalin shayi ɗaya na ruwa, yatsanka na kan maƙogwaronsa, sannan ka sa shi ya yi magana ka saurari muryar. Ruwa tsinkakke shi ya fi saurin zarcewa, koko mai kauri ya fi sauƙin sarrafawa ga da yawansu. Bayan ya ci, a duba kuncin ɓarin da ya mutu, za ka tarar da abinci ya maƙale a ciki bai sani ba. A wanke masa baki safe da yamma, a bar shi a zaune rabin awa kafin ya kwanta. In haɗiyar ta ƙi, a sa masa roba ta hanci. Dangi kan ƙi ta, suna ganin alamar an fid da rai ce. Ka zauna ka yi musu bayani cewa gada ce, ana cire ta in ya haye.

Tsafta ba sai na tsawaita ba. Allura ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya, sannan kwandon ƙonawa. Ciwon hanta ya yi yawa a cikinmu, ba ya bukatar ƙarin hanya. Ka ƙirga alluran da ka tsira, ka ƙirga waɗanda ka zare, musamman na cikin gashin ƙeya. Kada ka fita ɗakin alhali akwai allura a wuyan mutum.

Babbar Sallah ta kusa. Ka zo mini da hantsi ranar layya, kafin mahauci ya gama fiɗa, ka taho da littafinka na sassan jiki da biyu daga cikin alluran nan. Zan ce a ware mana wuyan ragon da kansa. Zan nuna maka ɗan murfin nan mai kama da ganye, ka taɓa shi da yatsa, ka ga yadda bututun abinci ya lafe a bayan na iska, ka ga jannaye da jijiyar da ke kwance a gefensu. Sannan mu juya ƙeyar, ka soka allurarka yadda aka koya maka, ni kuma in buɗe da wuƙa mu ga inda tsininta ya tsaya. Ka gaida mini mahaifiyarka, ka ce mata ina nan ina tambayar ƙafarta.